Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Birnin Kudu,
4 ga Yuli.

Zuwa ga Inna Fatsuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba Malam Datti da ɗalibanki na Islamiyya. Ya ƙafar? Na ga kina ɗingishi ranar babbar Sallah, kina ta cewa ba komai. Ni na iso gida lafiya. Maigidana Abdulnasir ma ya koma wajen aikinsu na hanya a kudancin ƙasa, sai ƙarshen shekara in Allah ya kai mu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Maikuɗi direba. Wayar gidanku ɗaya ce, tana aljihun Baba Malam, kuma in na kira sai ya saki murya a zaure, har mai tallan ƙosai ta san abin da na ce.

Kin tambaye ni wane irin aiki nake yi a shagon Badaru, na ce miki buga takardu, kika ce ai wannan ba amsa ba ce. To ga amsar. Ɗalibai ne suke kawo rubutunsu in buga musu a kwamfuta, masu koyon jinya, masu aikin gona, masu tarihi, kowa da nasa. Ban karanci fanni ko ɗaya ba, amma duk sun bi ta yatsuna. Abin da ya fara ba ni mamaki, Inna, kowane fanni sai ya yanka abinsa gunduwa-gunduwa ya ce matakai ne. Sauro ma matakai gare shi: ƙwai, tsutsa, ta dunƙule, sannan ya tashi ya dame mu. Masu tarihi da ke zuwa kallon zanen da ke jikin duwatsun garin nan suna da zamanin dutse da zamanin ƙarfe. Wani yaro mai karatun labarin ƙasa ya kawo takarda wai kogi yana da ƙuruciya da ƙarfi da tsufa, na yi dariya har Badaru ya leƙo. Masu jinya kuwa cuta suke ba lamba, daga ɗaya zuwa huɗu, kuma kowa fata yake a gano ta tun tana ɗaya.

A makon jiya wata ɗalibar jinya, Nasiha, ta kawo littafin darasinsu a kan girman yara. Wata nawa yaro ke zama, wata nawa ke tafiya, yaushe yake waiwaya in an yi motsi a bayansa, kalma nawa ya kamata ɗan shekara biyu ya iya. Na buga shafi na goma sha bakwai sau biyu saboda hannuna ya yi ta kuskure. Na sa miki shi a cikin ambulan ɗin nan, Nasiha ta rubuta Hausarsa a gefe. Na ce ke malama ce, kina da yara a gabanki, ƙila ya yi miki amfani.

Af, farantin nan da ya faɗi a tsakar gida ranar Sallah, har kaji suka watse, bai lanƙwashe ba ko?

Ki gaida mutanen ɗakinki, manya da ƙanana.

'Yarki,
Sharifa

*

Gwaram,
ranar Laraba.

Zuwa ga Malama Sharifa mai kwamfuta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, Malam yana amsawa. Ruwa ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa. Faranti yana nan ƙalau, tun kafin a haife ki yake faɗuwa.

Takardarki ta zo, na karanta, na karanta shafin da kika aiko har da Hausar gefe. Sannu da ƙoƙari. Wato yanzu ni Fatsuma, da na goya yara goma sha ɗaya a bayan nan nawa, sai an aiko mini da jadawali daga Birnin Kudu in san yaushe yaro ke zama? Wata shida kacal kika yi gaban na'ura, har kin fara koya wa tsofaffi raino.

Ai matakan nan ba 'yan boko suka ƙago su ba. Yaran da ke gabana da babbaƙu suke farawa, su shiga farfaru, a hankali har sauka. Gero sai ya tsira, ya yi kara, ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi ido. Wata ma da kike gani a sama, siriri yake fitowa. Amma shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ganin yara biyu sun haye babbaƙu rana ɗaya ba. Akwai wadda ta shekara biyu tana abu ɗaya, yau ita ke ja wa mata baƙi a unguwarsu. Masu takardarku sun san wannan?

Kuma bari in faɗa miki, kada ki ɗauka ban gane ba. Ni da uwarki kakanmu ɗaya, tare muka yi wasan ƙasa, kuma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayanki Bahauddeen a bakinta ba. Ko zazzaɓi yake yi, sai dai ta ce a duba yaron can. Haka ake yi da ɗan fari. Da kika kawo mini 'yarki yaye a watan sanyi, kin yi abin da ya dace, kika ajiye kika juya ba ki waiwaya ba, na ce yarinyar nan ta gaji uwarta. Ranar Sallah ma kin kama kanki, ba ki ɗauke ta ba, ba ki kira ta ba. To kada ki ɓata wannan da zagaye-zagayen sauro da kogi.

Tun da kunya ta hana ki tambaya, ga labarin ƙawata Juwairiyya. Tana ci kamar gara, ta yi kumatu. Duk inda na sa ƙafa nan take sa tata. Ba ta da surutu, ta gado miskilancin ubanta. Ga ta da ƙarfin zuciya, shekaranjiya da la'asar aka yi wata tsawa da ta sa 'yan aji na suka rungume juna suna salati, ita kuwa tana zaune tana wasa da murfin kwalba, ko gezau.

Ki ci abinci, na ga kin rame.

Innarki,
Fatsuma

*

Birnin Kudu,
19 ga Yuli.

Inna,

Gaisuwa da ban haƙuri. Wallahi ban aiko shafin nan don in koya miki komai ba. Wa nake da shi bayan ke? Da na haihu bayan Umma ta rasu, dangi na kusa suna nan da yawa, amma ke kika zo kika yi mini zaman jego kwana arba'in. In na ɓata miki rai ki yafe mini.

Na ji daɗin labarin ci da kumatu. Na karanta wajen sau uku.

Gaskiyarki ne, kowane yaro da lokacinsa. Na faɗa wa Nasiha maganarki ta babbaƙu, ta ce malaminsu ma haka yake cewa, lambobin nan ba doka ba ne. Amma akwai abin da ya tsaya mini. Wani ɗalibin aikin gona, Salihu, ɗan Kangire, ya kawo rubutunsa a kan takin zamani. Ya rubuta cewa taki na biyu lokaci gare shi, in aka bari shuka ta riga ta fid da kai, ko buhu nawa aka zuba ba zai mayar da abin da ya wuce ba. Na tambaye shi ko gaskiya ne, ya ce in tambayi kowane manomi, ba sai ɗan makaranta ba. Na lura duk fannonin nan haka suke. Ba jera matakai kawai suke yi ba, kowanne yana da wani wuri da in an wuce shi ƙofa ta rufe. Wannan ne yake tayar mini da hankali, ina buga takardar mutane ina tunanin abin da ba a rubuta a ciki ba.

Inna, tambaya ɗaya. Da azumi Baba Malam ya ce mini a waya an yi ɗan zazzaɓi a ɗakinki, an samu sauƙi. Kwana nawa aka yi? Kuma kalmomin nan da aka tafi da su Gwaram, ruwa, kaza, a'a, har yanzu ana faɗinsu?

Ki amsa mini ko da layi biyu ne. Maikuɗi yana dawowa ranar Asabar.

'Yarki,
Sharifa

*

Birnin Kudu,
24 ga Agusta.

Inna Fatsuma,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mako biyar ke nan. Duk Asabar ina tasha, har masu lodi sun san ni. Maikuɗi ya rantse a hannunki ya sa takardata, ya ce kin karɓa kin sa a ƙarƙashin allo, kin ce a gaishe ni. Na kira wayar Baba Malam sau huɗu, kullum kin shiga maƙwabta ko kina aji.

Da farko na ce fushi kike yi, na ce na cancanta. Sai na ɗauko takardarki na sake karantawa, don in ga inda na yi laifi. Inna, sau nawa na karanta maganar tsawar nan ina murmushi, ina cewa ashe jaruma ce? Ranar Litinin ina cikin buga wa Nasiha wani babi a kan ciwon sanƙarau da abin da yake bari a jikin yara bayan ya tafi, sai hannuna ya tsaya. Tsawar da ta sa yara goma sha suka rungume juna. Farantin da ya watsa kaji. Ina zaune a bakin ƙofa ranar nan, ina kallonta ta gefen ido yadda aka koya mini, kowa ya zabura ban da ita. Na gani, Inna. Na gani tun ranar, na rasa bakin da zan faɗa, shi ya sa na yi ta kawo miki sauro da kogi.

Badaru ya ce in tafi gida, don na ɓata shafi shida. Tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba.

Na gaji da kunyar nan. 'Yata nake tambaya. Tana ji ko ba ta ji? In ban ga amsa ranar Asabar ba, zan shigo motar Lahadi, kuma a gaban Baba Malam zan yi tambayar.

Sharifa

*

Gwaram,
ranar Juma'a.

Sharifa 'yata,

Lafiyarmu ƙalau a jiki. Ba fushi nake yi ba. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa.

Ba ɗan zazzaɓi ba ne. Kwana tara ta yi, daga sha biyu ga azumi. Jiki kamar garwashi, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko nono na saniya ba ta karɓa. Malam yana wajen tafsiri a ƙauye. Na kai ta wajen mai kemis na bakin kasuwa, ya yi mata allurai, kuma don Allah kada a ɗora masa laifi, ya ce mini in wuce da ita babban asibiti. Na ce bari mu ga gobe. Da gobe ta yi sai zafin ya ɗan sauka, na ce bari mu ga jibi. A rana ta tara ta buɗe ido ta nemi koko, na yi sujada a tsakar ɗaki. Na ce wa Malam ya faɗa miki ɗan zazzaɓi ne, don me za a tayar miki da hankali a kan abin da ya wuce.

Da ta miƙe tana tangaɗi kamar mai koyon tafiya, wannan ya daina bayan mako uku. Maganar ce ba ta dawo daidai ba. Takardarki ta lissafa yadda kalmomi ke zuwa wa yaro. Ni na ga yadda suke tafiya. Kaza ce ta fara ɓacewa, sai ruwa, sai a'a. Inna ce ta ƙarshe, ta riƙe ta har bayan ƙaramar Sallah da wata guda, tana faɗinta wani iri kamar bakinta cike da tuwo. Yanzu ita ma babu.

Kin ce kin gani. Ni na riga ki. Na tsaya a bayanta na buga taɓarya a turmi. Na ƙure rediyon Malam. Na kira ta, Juwairiyya, Juwairiyya, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Wani lokaci in na matso ta hagunta sosai kamar tana ɗan juyowa, wani lokaci babu. Da na rubuta miki maganar tsawa, wallahi ban san ko yabonta nake yi ba ko so nake ki gane ki raba ni da kayan nan. Shafinki na goma sha bakwai kuwa, da na yi miki tsiya a kansa, yana cikin jakar allona, na haddace shi.

Ki san dalili, ko da ba zai wanke ni ba. Uku na haifa, duk na binne su kafin yaye. Goma sha ɗaya na mutane na riƙa, kowanne na mayar wa uwarsa da ƙafarsa da idonsa da kunnensa. Da wannan nake taƙama a garin nan, ba ni da wani abin. Sai ga ta sha biyu, jikar uwarki Mero, ta lalace a hannuna. Kullum sai in ce kowane yaro da lokacinsa, gobe za ta yi magana. Na fake da kunyarki, na san ba za ki iya tambaya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Ki zo Lahadin. Ba sai kin tambaya a gaban Malam ba, na faɗa masa da bakina jiya. Zan haɗa mata kayanta. Ki kai ta inda ya kamata in kai ta tun watan azumi. Ban ce ki yafe mini ba tukuna.

Fatsuma

*

Birnin Kudu,
9 ga Satumba.

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafar ta bar ki kin yi barci, kuma Baba Malam yana lafiya. Mun iso lafiya ranar nan. Ba ki fito rakiya ba, na ga labulen ɗakinki yana motsi, ban matsa ba.

Da na kwance ƙullin kayan na ga har tabarmarta da kofinta da murfin kwalaben da take wasa da su kin haɗo. Wato kin sallame ta ke nan gaba ɗaya. Za mu dawo kan wannan.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana uku na farko ina jin haushinki har ba na son tuna fuskarki. Wata biyar, Inna. Amma duk lokacin da na ɗaga murya a raina sai in tuna ni ma ina bakin ƙofa ranar Sallah, na gani, na koma gida na yi wata biyu ina rubuta miki labarin kogi. Da na faɗa wa Abdulnasir a waya, ya ce yana neman izini a wajen aiki ya taho.

Nasiha ta raka mu asibiti. Sun tura mu Kano wajen masu gwajin ji, mun je tare da Nasiha ranar Talata. Ga abin da suka ce, yadda na fahimta. Kunnen dama ya tafi, ba sa sa rai. Na hagu akwai saura, kamar yadda kika lura. Za a gwada mata na'urar da ake maƙalawa a kunne, kuma za a riƙa koya mata magana. Likitar ta ce shekarun nan na farko su ne lokacin da harshe ke kama magana, da an zo da wuri da ya fi, amma ba a makara gaba ɗaya ba. Na tambaye ta wane mataki muke, ɗaya ko huɗu. Ta ce wannan ba a ba shi lamba, sai dai a yi ta aiki a ga abin da Allah zai yi. Ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Kafin su sa mata wayoyinsu, likitar ta zaunar da ita a kan tabarma ta ba ta abin wasa, ta ce in zagaya ta bayanta in kira ta yadda na saba kiranta a gida. Na tsaya. Ta ce, Hajiya, kira ta mana. Na ce ban saba ba. Ta ɗago ta dube ni, ita ma Bahaushiya ce, ta ce 'yar fari ce? Na ce e. Ta ce to yau dai a ajiye wannan a waje.

Inna, shekara biyu da rabi, ban taɓa faɗin sunan nan ba. Lokacin da kunnuwanta biyu ke lafiya, tana kwance a cinyata, sai dai in ce mata ke, ko yarinya. Ta ji shi a bakin ubanta, ta ji a bakinki, ta ji a bakin mai kanti. Ranar da na buɗe baki na faɗa, ba ta motsa ba. Na matso na sake, shiru. Likitar ta nuna mini hagu. Na durƙusa na sa bakina dab da kunnenta na kira da duk ƙarfina.

Ta ɗago kai. Amma ba ni ta duba ba. Ƙofa ta duba, ta miƙe da sauri ta je ta ja labulen tana leƙa waje. Ke take nema. Na zauna a ƙasan ɗakin mutane na yi kuka, Nasiha na riƙe da ni.

Ga maganar kaya. Yarinyar nan tana yi mini wasu alamu da hannu, ta taɓa leɓe sau biyu, ta murza tafi, ta ja kunnen zanena, ni kuwa ban san ko ɗaya ba. Jiya ta yi ta murza tafi tana kuka, na kawo ruwa, na kawo tuwo, na kawo kofin, ta ture duka. Ku biyu kuka ƙirƙiro abinku a ɗakin nan, babu shi a takardar kowa, kuma likitar ta ce kada a yar da shi, a kansa za a ɗora. Za mu koma Kano ranar ashirin ga wata. Na gaya wa Maikuɗi ya tsaya a ƙofar gidanku ranar sha tara, ya ajiye miki gidan gaba saboda ƙafar. Ki ba wata malama ajin na mako biyu. Maganar yafiya, ki zo mu yi ta baki da baki, ni ma ina da wadda zan nema.

Ki taho da amsar murza tafin nan, har yanzu tana yi.

Taki,
Sharifa, Maman Juwairiyya